Soba Na Ce, Ba Zoɓo Ba

Ni dai soba na ce. Allah ne shaidata, soba na ce, bakina ƙalau yake kuma ba ni da in'ina. Maigidana ne ya ji zoɓo, ni kuma na yi shiru. Shirun nan nawa ne, ba zan ɗora wa kowa shi ba, duk da na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa.

A lokacin muna zaune a Whalley Range, a Manchester, cikin wani tangamemen tsohon gida da aka yayyanka aka zuba masu haya. Namu flat ɗin shi ne na can ƙololuwa, ƙarƙashin rufi, inda in na miƙe tsaye a gefen gado sai kaina ya bugi silin. Taga ɗaya ce a falon, an kuma sa mata wani ƙarfe da ba ya barinta ta buɗu fiye da faɗin tafin hannu. Na ce muna zaune, amma gaskiyar magana ni ce da 'yata mai shekara shida. Maigidan likita ne, aikin da ya samu a Birmingham yake, can yake kwana daga Litinin zuwa Juma'a, ya zo mana ƙarshen mako in ba shi da aiki. Ni da na yi shekara bakwai ina koyar da lissafi a Kano, ina daka wa aji guda tsawa su yi tsit, na dawo ba ni da abin yi sai in kai yarinya makaranta, in dawo in zauna ina sauraren tarin maƙwabcinmu na ƙasa.

Ba wai ban nemi aiki ba. Koyarwa aka ce sai na sake wani karatu. Wanda ake samu da sauƙi na gidajen cin abinci ne, shi kuma maigidan tun saukarmu ƙasar ya kafa doka ɗaya tak: matarsa ba za ta yi aiki inda ake sayar da giya ba. Ban yi musu ba, don ni ma a lokacin haka na gani.

Wata safiya na ajiye yarinya a makaranta, na tsaya a bakin hanya na ji wallahi in na koma ɗakin nan zan iya fasa tagar. Sai na hau bas na shiga gari ba tare da na san inda za ni ba. A wani lungu na ci karo da ɗan ƙaramin gidan abinci mai gilashi a gaba. A bayan gilashin wani tsoho ne ɗan Japan, siriri, ya ɗaure kai da farin ƙyalle, yana murza kwaɓi da doguwar sanda a kan faffaɗan katako. Ya murza ya murza har ya zama falle kamar zane, ya ninke shi, ya ɗauko wata wuƙa mai faɗi ya shiga yankawa. Sai ga taliya tana fitowa, siri-siri, mai ruwan toka. Na ce a raina, kai, ashe taliyar murji ce! Kakata ta ci da mu da wannan sana'ar, ni na tashi ina shanya mata taliya a igiya.

Kwana uku ina zuwa ina tsayawa kamar wadda aka aiko gadi. A na huɗu matar tsohon ta fito, 'yar guntuwa mai fara'a, ta tambaye ni ko yunwa nake ji. Na ce mata a'a, hannuna ne yake ƙaiƙayi. Ta ce suna neman mai tankaɗe da wanke kayan aiki, daga tara na safe zuwa ɗaya. Ta ce sunan taliyar soba. Garinta ba na alkama ba ne, na wani hatsi ne mai ƙwaya baƙa mai kusurwa uku, sai a ɗan haɗa masa da fulawa kaɗan don ya kama jikinsa. Tana magana ina kallon bayanta, inda aka jera kwalaben giyar shinkafa a kan kanta, reras.

Da yamma na kira maigidan. Yana asibiti, ina jin hayaniya a bayansa.

"Dakta, na samu aiki."

"Alhamdu lillahi! A ina?"

"A wani gidan soba."

"Zoɓo? Kai, masha Allah! Ashe akwai masu yin zoɓo a Manchester? Kin ga irin wannan nake so miki, sana'a mai tsafta, ba irin wuraren nan da ake jera kwalabe ba. Allah ya sa albarka. Ana kirana, sai an jima."

Na ce, "Uhm." Abin da na ce ke nan. Na tsaya riƙe da waya ina gaya wa kaina ranar Asabar in ya zo zan gyara maganar. Asabar ta zo, ya shigo da fara'a yana cewa ina nasa zoɓon, ko mai gida ba ya samun ɗanɗano? Na ce na manta. Mako na gaba na je shagon 'yan Afirka na sayo busasshen zoɓo, na dafa kwalba ɗaya na sa a firij. Daga nan duk Juma'a sai na dafa. Ƙaryar da ban yi da bakina ba, sai ga ni ina yi mata hidima da citta da kanumfari.

Amma fa safiyata ta zama tawa. Ina kiran tsohon Baba, kamar yadda za a kira kowane dattijo a gida. Ranar farko matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki, sai daga baya ta gaya min a yarensu kalmar tana nufin tsohuwa, tsohuwar ma ta zagi. Na rasa inda zan sa kaina. Shi kuwa ya ɗaga kafaɗa ya ce in ci gaba, an kira shi abin da ya fi haka.

Wata huɗu ban taɓa komai ba sai rariya. Ni da na ɗauka na iya taliya tun ina goye! Ranar da ya bar ni na sa hannu a gari, na zuba ruwa na danna da ƙarfina irin na kwaɓin fulawa, sai ya buge min hannu da bayan cokali. Raina ya ɓaci, na kusa cire ƙyallen gabana in jefa masa. Ya ce, da guntun Turancinsa, wannan garin ba ya son a danne shi, ba shi da danƙo, in aka matsa masa kafin ya sha ruwa sai taliyar ta kakkarye a tukunya. Ya nuna min: a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa da kan yatsu kawai, cikin wani makeken akushi mai jan ciki, har garin ya tashi daga yashi ya koma tsakuwa, ya dunƙule da kansa. Na kalla na kalla na ce, Baba, ai dambu ne wannan. Bai gane ba, ni kuwa daga ranar hannuna ya gane.

Ruwan ma ba shi da ma'auni ɗaya. Ranar da aka tashi da ruwan sama sai a rage, ranar da aka kunna abin ɗumama ɗaki sai a ƙara. Na koyi murzawa har fallen ya zama mai kusurwa huɗu, na koyi ninkewa, na koyi tura ɗan katakon da ake dafawa da hannun hagu wuƙa tana binsa. Abin da na yi ba a kai wa baƙi, mu muke ci. Romon da suke tsoma taliyar a ciki akwai giyar girki, don haka ban taɓa kai shi bakina ba. Nakan zo da ɗan yajina da mai a jaka. Ranar da Baba ya ga na barbaɗa wa soba yaji, ya rufe ido kamar an yi masa rasuwa.

Na yi shekara guda da 'yan watanni a haka. Sai wuyan hannun Baba ya fara ciwo, yana ɗaure shi da bandeji, wani lokaci sandar ta kuɓuce masa. Wata Litinin ya ajiye wuƙa ya ce in zauna. Ya ce ba zai iya murjin safe ba kuma, dole wani ya karɓa. Akwai wani ƙwararre a Landan da yake son zuwa, yana jiran amsa ranar Asabar da yamma. Amma shi ya fi son hannun da ya koyar da kansa. Ranar Asabar, ranar da suka fi cika, in zo ƙarfe goma in yi taliyar da za a kai wa baƙi. In ta yi, katakon ya zama nawa.

Na fito ina tafiya ina dariya ni kaɗai a titi. Abin ma ya zo daidai, don makon nan maigidan yana da aiki, ba zai zo ba, maƙwabciyata kuma ta yarda ta riƙe min yarinya.

Talata da yamma ya kira.

"Uwargida, albishirinki. Kin san Hajiya, matar babban likitan nan da ya tsaya min na samu aikin nan? 'Yarta ta haihu, suna ranar Asabar a Perry Barr, nan Birmingham. Na musanya aikina da wani. Na kuma ce mata kada ta damu da abin sha, matata a gidan zoɓo take aiki, kwalba tamanin tana nan tafe. Zan zo da sassafe in ɗauke ku."

Na ce, "Dakta, ka tambaye ni kafin ka yi alkawarin nan?"

"Haba, Hajiya ce fa. Wa zai ce mata a'a?"

Gaba kura, baya sayaki. Na zauna a bakin gado, raina yana tafasa, kuma na rasa wa zan yi wa faɗa. Shi bai yi laifi ba, abin da na bar shi ya sani a kai ya yi aiki.

Washegari na roƙi Baba ya ɗaga min zuwa wata Asabar. Na kwashe labarin duka na gaya masa, da soba da zoɓo da komai, ina tsammanin zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ce mutumin Landan ba zai jira ba, hannunsa ma ba zai jira ba. Ya ce, "Ki gaya wa mijinki. Kalma ɗaya ce ya ji ba daidai ba, ki gyara masa ita." Na ji haushinsa ƙwarai. Kalma ɗaya! Shi ina ya san abin da ake nufi da mace ta kalli mijinta ta ce masa shekara guda da wani abu tana fita kullum zuwa inda ya hana, tana dawowa tana ba shi zoɓo yana sa albarka? Amma da na fito na san gaskiya tsohon ya faɗa. Na yanke shawara: zan dafa zoɓon, in miƙa masa ranar Asabar da safe, in gaya masa komai, ya tafi da yarinya, ni in tafi aikina. In zai yi faɗa ya yi, in zai kai ƙarata gida ya kai.

Ranar Juma'a na wuni a tsaye. Tukwane biyu gare ni, na dafa na tace na sake ɗorawa har sau shida. Tururi ya cika ɗakin, tagar nan ta ƙi buɗuwa, bango yana zufa ni ma ina yi. Yatsuna suka rine ja. 'Yata tana zaune tana lissafa min jarkoki da Turancinta na 'yan Manchester, tana tambaya ko jini ne. Ina juya tukunya ina maimaita abin da zan faɗa, har na haddace shi kamar karatun allo.

Ƙarfe bakwai na safiyar Asabar maigidan ya hawo bene yana haki, rungume da kwali biyu na sababbin kwalabe. Ya ajiye, ya ciro wani ƙunshi daga aljihu ya ce in rufe ido. Da na buɗe sai na ga takardun mannawa ne, an buga hoton furen zoɓo, ga sunana a ƙasa da jan rubutu. Shi ya zana da kansa, a ɗan lokacin hutunsa a asibiti.

Na ce, "Dakta, zauna, akwai maganar da nake son mu yi."

Ya ce, "Ni ma akwai. Bari in riga ki, don tun jiya take cina." Ya zauna a ƙasa ya fara manna takardun. "Inna ta kira ni. Wai ta ji ana cewa matar likita tana yawon aikatau a Ingila, ban san inda take zuwa ba. Wallahi ban taɓa ɗaga wa mahaifiyata murya ba sai jiya. Na ce mata, Inna, matata ba ta taɓa taka inda ban sani ba, ko rantsuwa aka ce in yi zan yi. Har yanzu raina ba daɗi, amma ban yi nadama ba." Ya ɗago ya kalle ni. "To, ke mece ce taki maganar?"

Na kalli kwalbar da ke hannunsa. Na kalli idonsa da ya yi ja don bai yi barcin kirki ba. Duk abin da na haddace ya tsere.

Na ce, "Sukarin ne nake tsoron bai ji ba."

Ya ɗanɗana ya ce ya ji har ya yi yawa.

Ƙarfe goma ta same mu a babbar hanya, cikin cunkoso, motoci sun tsaya cak. Kwalabe suna karo da juna a bayan mota, yarinya tana waƙa, shi yana ba ni labarin wani mara lafiya. Wayata ta yi ta motsi a jaka. Matar Baba ce, sau biyu. Ban ɗauka ba. Na sunkuyar da kai na rubuta mata cewa ba zan samu zuwa ba, a yi haƙuri. Ko muryata ban iya ba su ba, mutanen da suka koya min aiki fiye da shekara. Wannan rashin kunyar har yau in na tuna sai na ji kamar in nutse.

Na yi ta addu'a a raina Allah ya sa zoɓon ya yi tsami, ko a zubar, ko a ƙi sha. Ina! Kafin la'asar babu ko kwalba ɗaya. Hajiya, babbar mace mai murya, ta tsaya a tsakiyar falo tana cewa, "Ina mai zoɓon? Zo nan, 'yata. Rabona da irin wannan tun ina gidanmu." Ta riƙe hannuna tana zagawa da ni, wannan tana da biki wata mai zuwa, waccan tana da walimar sauka. Kowa yana karɓar lambata, ina murmushi har kumatuna suka gaji. A nan ne kuma, a gaban mutane, na ji cewa an samo mana gida a layin bayan na Hajiya, nan da wata uku za mu dawo Birmingham gaba ɗaya. Maigidan ya so ya ba ni mamaki ne. Hajiya ta ce ga garejinta nan ba abin da ake yi da shi, in zo in kafa tukwanena.

Ranar Litinin na shiga gidan soba ta ƙofar baya. Mutumin Landan ya riga ya iso, wani dogo mai shiru, yana tsaye a gaban katakon yana gwada sandunan. Na fara ba da haƙuri, Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Bai yi faɗa ba, bai tambaye ni komai ba. Ya miƙo min rariya. Na yi wata ukun nan ina tankaɗe wa baƙo gari, ina kallon yadda yake zuba ruwa fiye da kima ranar da ake ruwan sama, ba ni da bakin magana.

Muka koma Perry Barr. Gidan yana da faɗi, har da ɗan fili a baya. Sana'a ta karɓu, ba suna ba biki sai an neme ni, yara a masallaci suna kirana Anti mai zoɓo. Kowa yana cewa na yi sa'ar miji, kuma gaskiya ne. Ni kuwa ko warin zoɓo ba na so, ban taɓa so ba.

Sai bayan shekara uku maganar ta fito, kuma ba shiri na yi ba. Wata ranar Lahadi da rana ya shigo garejin yana jan buhun busasshen zoɓo da ya sa aka taho min da shi daga Kano. Ya ajiye yana share gumi ya ce, "Kin ga ranar da kika kira ni kika ce kin samu aikin nan, ban taɓa zaton zai kai haka ba."

Ludayi ne a hannuna, na buga shi a kan tukunya.

"Soba na ce! Soba, Dakta, ba zoɓo ba! Taliya ce ta mutanen Japan, da hannu ake yi. Gidan cin abinci ne, kuma ana sayar da giya, kwalabe reras a kan kanta. Can nake zuwa kullum. Ranar sunan nan aka ce in zo a ba ni aikin gaba ɗaya, na bi ka na zo rabon zoɓo!"

Na faɗi sauran ina kuka, ina jira ya tashi. Na shirya wa faɗan, shekara huɗu ina shirya masa. Sai ya zauna a kan buhun.

Ya ce, "Ke kike ba da giyar?"

"A'a."

"Kin taɓa sha?"

"Allah ya kiyaye."

"Gari da ruwa kawai kike taɓawa?"

"Su kawai."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "To da kin faɗa min mana. Da na kai ki da kaina ranar, in wuce da kwalaben."

Ban sani ba ko da gaske da ya kai ni. Mai yiwuwa shi ma bai sani ba, faɗa bayan shekara uku ba wuya. Amma ya faɗa, kuma na ga fuskarsa lokacin da yake faɗa, ba fuskar mai ƙarya ba ce. Wallahi da ya zage ni, da ya ce ko a lokacin ba zai yarda ba, da na samu wanda zan riƙe a raina, da na yi barci da daɗi. Ya hana ni ko wannan.

Ya miƙe ya tambaye ni ina zai ajiye buhun. Na nuna masa bayan ƙofa, don ranar Asabar akwai biki, kuma na riga na karɓa.